Jirgin da Ba a Gurfanarwa a Kotu: Asalin Leƙen Asiri Ba Matuƙi

Ranar 1 ga Mayu, 1960, matuƙin Amurka Francis Gary Powers ya tashi daga Peshawar ta Pakistan cikin jirgin U-2, wanda ke lulawa sama har ƙafa 70,000, tsayin da Amurkawa suka sakankance babu makamin da zai kai. Kusa da birnin Sverdlovsk na Tarayyar Sobiyet wani makami mai linzami samfurin S-75 ya kakkaɓo shi. Da farko Amurka ta ce ai jirgin binciken yanayi ne ya yi ɓatan kai. Shugaban Sobiyet Khrushchev ya ƙyale su suka gama zuba, sannan ya sanar da duniya cewa matuƙin yana hannu da ransa, ga kuma kyamara da fim. Taron manyan ƙasashe na Paris ya watse, aka gurfanar da Powers a kotu a Mosko, bai koma gida ba sai da aka yi musayar fursunoni a Fabrairun 1962. Wata biyu bayan harbo shi, Tarayyar Sobiyet ta sake kakkaɓo wani jirgin, RB-47, a kan tekun Barents.

Asarar jirgin ba ta dami mahukuntan Amurka kamar kamun matuƙin ba. Ƙarfe idan ya faɗi, ana iya cewa ba a san shi ba. Mutum kuwa yana da suna da iyali, yana da bakin magana. Daga nan tunanin cire mutum daga cikin jirgin ya samu masu saurare.

Kamfanin Ryan Aeronautical na San Diego yana da abin da ake nema, ko da yake ba don wannan aiki ya ƙera shi ba. Tun farkon shekarun 1950 yake yin Firebee, ƙaramin jirgi maras matuƙi da ake sakewa a sama domin sojoji su koyi harbi a kansa. A Fabrairun 1962, ƙarƙashin wani shirin sirri na rundunar sojin sama mai suna Big Safari, aka ba Ryan kwangilar dala miliyan ɗaya da 'yan kai ya gyara guda huɗu su zama na ɗaukar hoto. Aka kira samfurin 147A, ko Fire Fly. Gyaran ba wani na a zo a gani ba ne: an tsawaita hanci an cusa kyamara, an ɗaura ragar waya a bakin da injin ke shaƙar iska, an manna wasu barguna na musamman a jikinsa, duk don kada rada, wato na'urar da ke hango jirage daga nesa, ta gan shi da wuri. Ba ya tashi daga ƙasa. Babban jirgin DC-130 ke rataye shi ƙarƙashin fiffike ya sake shi a sama, idan ya gama aiki ya buɗe laima ya sauko.

An fara gwada shi a sansanin Holloman da ke New Mexico, sannan aka tura jiragen yaƙin Amurka su farauce shi. Rada ta sha wuya kafin ta kama shi, amma farin layin da injin ke bari a sararin sama yakan tona masa asiri, har sai da injiniyoyi suka nemo sinadarin da ke ɓatar da layin. A rikicin Kyuba na Oktoban 1962, bayan an harbo U-2 na Manjo Rudolf Anderson ya mutu, saura ƙiris a tura Fire Fly, amma aka fasa don kada asirinsa ya tonu tun bai nuna ba. Samfurin da ya biyo baya, 147B, an ninka masa fiffike daga ƙafa 13 zuwa 27, ya riƙa haura ƙafa 60,000, aka kuma sauya wa shirin suna zuwa Lightning Bug.

Aikin gaske ya fara ranar 20 ga Agusta, 1964. DC-130 ya tashi daga Kadena a tsibirin Okinawa, ya saki jirgin ya ratsa kudancin Sin, ya je ya sauka a Taiwan. Laimar ta ƙi rabuwa da shi, iska ta ja shi a ƙasa ya farfashe, amma an tsira da fim. A wannan tafiya ɗaya aka ga inda gizo ke saƙar. Hawa sama ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce jirgin ya san inda yake, kuma ya dawo da abin da ya ɗauka. Babu GPS a lokacin. Agogo ne da kamfas, daga baya aka ƙara wata rada mai auna gudu, don haka jirgi kan kauce mil da yawa ya dawo da hotunan gonaki da duwatsu. Hoton ma ba a aika shi ta iska, sai an ciro fim an wanke. Daga 1966 aka koma cafke shi tun yana sama: helikwafta ya bi laimar da ƙugiya ya saƙalo ta, ya ɗauko jirgin yana reto.

A Nuwamban 1964 Sin ta harbo na farko, daga baya ta baje tarkacen wasu a Beijing jama'a na kallo. Amurka ta yi gum, maganar ta mutu cikin kwanaki. Babu kotu, babu musayar fursuna. Ni a ganina a nan ne jirgin ya biya kuɗinsa, tun kafin a yi maganar kyawun hotunansa. Sinawa su ma ba su yi asara ba, don sun kwaikwayi tarkacen suka ƙera nasu, WZ-5. A Fabrairun 1966 kuma aka tura wani samfuri, 147E, da gangan domin a harbe shi a Biyetnam ta Arewa. Kafin makamin ya tarwatsa shi ya aiko da siginar da Amurkawa suka daɗe suna nema don su koyi rikita S-75. Wannan aiki ne da ba za a ba ɗan'adam ba.

A ɗaya gefen akwai masu neman abin mamaki. Kelly Johnson na kamfanin Lockheed ya ƙera D-21, mai gudu ninki uku na gudun sauti a tsayin ƙafa 90,000, ana goya shi a bayan jirgin M-21. Ranar 30 ga Yuli, 1966, a saki na huɗu, ya daki jirgin da ya goyo shi. Matuƙi Bill Park ya tsira, abokin aikinsa Ray Torick ya nutse a teku. Aka koma sakin sa daga B-52 da taimakon roka. Sau huɗu aka aike shi leƙen Lop Nur, inda Sin ke gwajin nukiliya a lokacin, tsakanin Nuwamban 1969 da Maris 1971. Na farko ya ƙi juyowa ya zarce Siberiya, Rashawa suka tsince shi. Na biyu ya dawo, laimar akwatin fim ta lalace, akwatin ya nutse. Na uku akwatinsa ya faɗa teku, jirgin ruwan da ya je ɗauko shi ya bi ta kansa. Na huɗu ya faɗi a lardin Yunnan. Ko hoto ɗaya bai kai hannu ba, aka soke shirin a Yulin 1971.

Shi ma Ryan ya yi nasa mai tsadar, Compass Arrow, wanda aka tsara ya kai ƙafa 78,000. A Agustan 1969 ɗaya ya samu matsala a gwaji ya sauko da laima a Los Alamos, 'yan jarida suka samu labari. Kafin ya shirya aiki shugaban Amurka Nixon ya fara sasantawa da Sin, taurarin ɗan'adam kuma sun ƙware wajen ɗaukar hoto, aka ajiye shi bai taɓa leƙa kowa ba.

Tsohon abin koyon harbin nan da aka yi wa kwaskwarima shi ya yi aikin. Bayan Koriya ta Arewa ta harbo jirgin EC-121 a Afrilun 1969, mutum 31 suka mutu, samfurin 147TE ya karɓi aikin sauraren sigina a yankin. Tsakanin 1964 da 1975 dangin Lightning Bug sun yi tafiya sama da 3,400, an rasa fiye da 500, kuma da yawa daga tafiye-tafiyen ƙarshe ƙasa-ƙasa aka yi su, don girgije kan rufe Biyetnam ta Arewa, makamai kuma sun riga sun cimma masu lulawa. Da yaƙin Biyetnam ya ƙare aka kulle su a ɗakin ajiya. Sai a Fabrairun 1998 magajin kamfanin, Teledyne Ryan, ya tayar da Global Hawk, mai wuce awa talatin a sama, wanda ke gane hanya da GPS yana aiko da hoto ta tauraron ɗan'adam. Irinsa ne Amurka ta aiko sararin arewa maso gabashin Najeriya a Mayun 2014 wajen neman 'yan matan Chibok.