Goron Gayyata: Tarihin Kiran Biki da Amsa Shi a Ƙasar Hausa

Kalmar gayyata daga gayya ta fito, watau taron aikin da manomi ya kan kira idan gona ta fi ƙarfin mutanen gidansa. Ya kan kai goro wurin sarkin samari, a rarraba wa majiya ƙarfi, a sa rana. Duk wanda ya karɓi goron nan ya ci, ya ɗaure kansa ke nan. Ran gayya in ba a gan shi da fartanya ba ya ji kunya, kuma ran da tasa gonar ta bukaci hannu ba mai leƙa shi. Bisa wannan ƙa'ida aka gina kiran biki duka a ƙasar Hausa, na aure da na suna: kira abu ne da a ke danƙa wa mutum a hannu, karɓarsa ita ce amsa, halarta kuwa bashi ne da a ke biya. Saboda haka tarihin gayyata ba ya rabuwa da tarihin goro da tsadarsa.

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. A da, irin da Hausawa suka fi so a kurmin Asante ya ke fitowa, a sayo shi a kasuwannin Gwanja. Littafin Tarihin Kano, inda ya ke ba da labarin zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438), ya ambaci cewa Sarkin Nupe ya aika wa Amina ta Zazzau goro 10,000, ya kuma ce a zamanin Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) aka buɗe hanyar Gwanja. A ƙarni na 19 fataucin nan ya fi ƙarfi a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari ya kan tashi ƙarƙashin madugu da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya sauka Salaga. Tafiya da komowa ta kan ci wata shida har zuwa shekara. A hanya kuma dole a riƙa kwance huhu a kai a kai, a yayyafa ruwa, a tsince wanda sankara ta ci. Dokta Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano cikin 1851. Ya ƙiyasta cewa goron da ke shiga birnin kowace shekara ya wuce kayan jaki 500, kowane kaya kuwa in ya iso lafiya a kan sayar da shi wajen wuri 200,000.

Abin da ya sha wannan wahala kafin ya iso ba a watsa shi barkatai. Ƙwarya guda, watau goro 100, dukiya ce ga talaka, kuma yawan ƙwaryar da mai biki ya iya saye shi ne iyakar mutanen da zai kira da suna. Sai dattawan gida su zauna a zaure su kasa. Malamai da mai unguwa da surukai su ke fara samu, sa'an nan dangin uba da na uwa, da abokan sana'a, da maƙwabta. Ba takarda ba alƙalami, jerin sunayen duk a ka ya ke, galibi kuwa wata gwaggo ko kaka ita ce ma'ajiyarsa, domin ita ta san wanda aka haɗa kaka da shi da wanda ya yi ƙaura. Girman goron da yawansa su ke faɗin matsayin mutum: wani a kai masa marsa, wani minu, wani ɓari kurum. Manzon ma da ma'anarsa, gama ba a aiken yaro wurin suruki. Wanda aka tsallake kuwa yana da hujja mai ƙarfi in ya ce goro bai iso shi ba, kuma irin wannan mantuwa ta sha raba zumunci shekara da shekaru.

Shari'a ta ƙarfafa wannan al'ada. A littattafan Malikiyya da a ke karantawa a zaurukan malamai, kamar Risala da Muhtasar na Halilu, an umurci wanda aka kira walimar aure ya amsa, muddin ba wani abin ƙi a wurin, kuma Muhtasar ya rataya wajabcin ga wanda aka ayyana shi da kansa. Daga nan kira ya kasu biyu. Akwai na kowa da kowa, wanda maroƙi ko sanƙira ke shelarsa, ko a faɗa a masallaci bayan salla; wanda ya ji ya je ya kyauta, in bai je ba ba laifi. Akwai kuma na ayyanawa, wanda goro ke ɗauke da shi har ƙofar gida, shi ne ba a ƙi sai da uzuri.

A wajen mata lissafin ya fi haka tsanani. Matan kulle su kan aiki 'yan mata ko tsofaffi su kai kira gida gida, kuma kowace mace tana da abokan biki waɗanda su ke musayar gudummawa da ita. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, aka buga shi 1954, ta yi ta ambaton ƙawance da bukukuwa irin waɗannan. M. G. Smith kuma, wanda ya yi nazarin tattalin arzikin Zazzagawa a shekarun nan, ya bayyana yadda a ke ninka abin da aka kawo wa mace in za ta rama, har ya yi nauyi a komo da shi ƙasa a sake farawa. Jerin waɗanda mace za ta kira, ashe, shi ne littafin bashinta. In ta bar abokiyar bikinta ba ta kira ta ba, kamar ta ce ta yanke hulɗa ne. In an kira ta ba ta je ba, ba ta kuma aika ba, ta ci bashi. Wannan shi ne asalin cewa biki bashi ne.

Abin da ya fara sassauta wannan tsari shi ne arahar goro. Cikin 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya rage zuwa kasuwarta. Cikin 1892 yaƙin basasa ya watsa garin, fatake suka koma Kintampo da Kete-Karachi da wasu wurare. Sannu a hankali aka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, kuma Alhaji Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan ciniki. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Daga baya Yarbawa suka dasa irin goron Gwanja da yawa a ƙasarsu, Hausawan Shagamu da na Sabo a Ibadan suka zama dillalansa. Goro ya wadata, ya kai hannun kowa, jerin waɗanda a ke kira ya yi tsawo. Amma gwargwadon yadda ya yi araha, gwargwadon yadda ƙarfinsa na bambanta mutum da mutum ya ragu.

A wannan gurbi kati ya shigo. Tun da can sarakuna su kan kira juna da wasiƙar Larabci mai hatimi a hannun manzo, amma jerin baƙi a rubuce, da wurin zaman kowa, da sa'ar agogo, tsarin Turawan mulki ne. An ga haka a manyan tarukan hawan daba: na Kano ran 1 ga Janairu 1913 a gaban Gwamna Lugga, da na 1925 domin Yarima mai jiran gadon Ingila, da na Kaduna cikin 1956 domin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Katin liyafar Bature kuwa ya kan zo da haruffa huɗu a ƙasansa, R.S.V.P., gajarcen wata magana ta Faransanci mai roƙon a aiko da amsa, domin kujerun teburinsa ƙidayayyu ne. Malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e su suka fara ɗaukar al'adar. Yaɗuwar injin ɗab'i a Arewa, musamman bayan kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya cikin 1945, ta sa buga kati ya yi sauƙi. Gidan rediyon Kaduna kuma, wanda aka buɗe 1962, ya ɗauki aikin sanƙira ya kai shela nesa.

Hausawa sun karɓi katin, amma amsa a rubuce ba ta zauna ba, kuma dalilin a fili ya ke. Bikin Bahaushe ba a ƙidaya masa kujera, ba a kuma korar baƙo daga akushi. Mutum ya rubuta cewa ba zai zo ba, wannan kusa da cin fuska ne. Abin da aka sani shi ne ya aiko wakili da gudummawa, ko ya zo daga baya ya yi Allah sanya alheri. Saboda haka haruffan nan huɗu suka sāke aiki. A ƙarƙashinsu aka koma jera sunayen 'yan'uwa da abokai masu faɗa a ji, don a san waɗanda ke tsaye a kan bikin. Katin kansa sau da yawa a kan haɗa shi da goro ko alewa, kamar takarda ita kaɗai ba ta isa ta ɗaure mutum ba. Mata kuma suka sami wata amsa a anko, al'adar da aka aro daga Yarbawa: wadda ta sayi atamfar ta amsa ke nan, ta kuma biya wani abu daga bashinta tun kafin ranar.

Bayan shigowar wayar salula Nijeriya cikin 2001, da hanyoyin saƙo irin su WhatsApp daga baya, hoton kati guda ya kan isa ga mutum ɗari cikin ƙiftawar ido ba da wani kuɗi ba. A manyan birane kuma, inda a ke kama zauren taro mai ƙidayayyun kujeru, kati ya zama takardar shiga da mai gadi ke dubawa a ƙofa, abin da bikin gargajiya bai sani ba. Duk da haka tsohon rabon nan biyu yana nan. Saƙon waya ya gaji shelar maroƙi, wanda ya gani ya sani, ba a kuwa kama shi da laifi in bai zo ba. Kawu da suruki da malami har yanzu su kan jira a tako a same su da goro a hannu, domin darajar kira tana ga wahalar da mai kiran ya ɗauka. Fatake sun daina bin hanyar Gwanja tun tuni, amma ma'aunin da tsadar goronsu ta kafa shi a ke aiki da shi, kuma shi Hausawa ke nufi da cewa zumunta a ƙafa ta ke.