Dokta John Shaw Billings da Aikin Fihirisar Ilimin Likita



In aka tashi ba da tarihin aikin likita, sunayen da aka saba kawowa su ne na waɗanda suka gano ƙwayar wata cuta, ko suka haɗa magani, ko suka ƙago dabarar fiɗa. Ba safai akan tuna da mai kula da laburare ba. Laccarmu ta yau a kan irin wannan mutum take, watau Dokta John Shaw Billings na ƙasar Amurka. Abin da nake so in nuna game da rayuwarsa shi ne, ilimin da aka rubuta amma ba a san inda za a same shi ba, kusan ɗaya yake da wanda ba a rubuta ba. A fannin lafiya kuwa, rashin samunsa a kan kari yana iya jawo hasarar rai.

An haifi Billings a jihar Indiana a shekarar 1838, ya kuma sami shaidar zama likita a birnin Cincinnati a 1860. Kafin a ba shi shaidar sai da ya rubuta kundi a kan yadda ake yi wa masu farfaɗiya magani ta hanyar fiɗa. Wajen wata shida ya yi yana neman abin da magabata suka rubuta a kan wannan batu. Ya bi ɗakunan karatu na Cincinnati ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka duba masa a New York da Philadelphia, duk da haka bai sami yadda yake so ba. A nan ya fahimci abu biyu. Na farko, babu wani laburare a Amurka da ya tara rubuce-rubucen likitoci yadda ya kamata. Na biyu, ko da an tara su, in babu fihirisa, neman maƙala guda a cikin dubban mujallu ya zama allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, sai ya shiga soja a matsayin likitan fiɗa, ya yi aiki a fagen daga, har da ƙazamin karon nan na Gettysburg a 1863. A ƙarshen 1864 aka mai da shi ofishin Babban Likitan Soja a Washington. A 1865 aka danƙa masa ɗan laburaren ofishin, wanda littattafansa a lokacin kimanin 2,000 ne kacal. Ba da daɗewa ba aka mai da laburaren gidan wasan kwaikwayo na Ford, inda aka harbi Shugaba Lincoln, a can ya zauna har 1887 da aka gina masa mazauni na kansa.

Aikin farko shi ne tarawa. Billings ya yi amfani da kuɗin da suka rage bayan an rufe asibitocin soja na lokacin yaƙi, ya shiga sayen littattafai daga dillalan Turai. Ya riƙa rubuta wa likitoci wasiƙu yana roƙon tsofaffin mujallun da ke jibge a gidajensu, yana kuma musayar kwafin da ya samu biyu da waɗansu ɗakunan karatu. Bai raina ƙaramar ƙasida ko rahoton asibiti ba, don ya san abin da aka wofintar yau shi wani zai zo nema gobe. Lokacin da ya bar aikin a 1895, laburaren yana da littattafai fiye da 116,000 da ƙasidu kimanin 190,000. Bugu da ƙari, ya yarda a ba likitocin da ke nesa aron littafi ta gidan waya, muddin sun ajiye jingina.

Aiki na biyu, wanda ya fi wuya, shi ne fihirisa. Akan kai masa mujallu gida a cikin manyan kwanduna, ya kwana yana dubawa, yana sa alama a kan kowace maƙala da ta cancanta. Kashegari akawunan ofis su kwafe sunan marubuci da kan maganar da lambar shafi a kan kati. Daga nan shi da abokin aikinsa Dokta Robert Fletcher, wanda ya zo laburaren a 1876, su rubuta wa kowane kati batun da ya dace da shi. Wannan mataki na ƙarshe shi ne zuciyar aikin, kuma sai wanda ya san likitanci ke iya yinsa, domin cuta guda tana iya zuwa da suna uku ko huɗu a harsuna dabam-dabam, alhali kuwa dole a tara su duka a ƙarƙashin kai ɗaya.

A 1876 ya buga ɗan samfuri ya rarraba wa likitoci, su kuma suka matsa wa Majalisar Dokoki har ta ba da kuɗin ɗab'i. Juzu'in farko na babbar fihirisar, mai suna Index-Catalogue, ya fito a 1880, aka bi haruffa bi da bi har juzu'i na 16 a 1895. Amma akwai matsala. Aikin da zai ci shekara 15 kafin a kai harafin ƙarshe, abin da ke cikin juzu'in farko zai tsufa tun ba a gama ba. Saboda haka tun a 1879 shi da Fletcher suka fara fitar da wata fihirisa ta wata-wata, Index Medicus, mai kawo sababbin maƙalu kaɗai. Wannan ba ta sami kasuwa ba, masu buga ta suka yi ta faɗuwa, har ta tsaya a 1899. Sai a 1903 Cibiyar Carnegie ta farfaɗo da ita. Duk da wannan wahala, Dokta William Welch na Jami'ar Johns Hopkins ya ɗauki laburaren da fihirisarsa a matsayin babbar gudummawar da Amurka ta ba ilimin likita.

Billings bai tsaya a laburare kaɗai ba. Shi ya tsara fasalin Asibitin Johns Hopkins da aka buɗe a 1889. Ya kula da lissafin mace-mace a ƙidayar jama'a ta 1880 da ta 1890, kuma shi ya ba Herman Hollerith shawarar a yi ƙidaya da na'ura mai karanta kati mai huji. An yi amfani da na'urar a 1890, kamfanin Hollerith kuwa yana cikin waɗanda suka haɗu suka zama IBM daga baya. A 1896 ya zama shugaban Laburaren Jama'a na New York, yana kan wannan muƙami ya rasu a 1913.

Abin da ya dasa ya ci gaba da yaɗo. A 1956 laburaren ya zama Laburaren Likitanci na Ƙasa, a 1962 ya koma Bethesda. A 1964 aka fara sarrafa fihirisar da kwamfuta, a 1971 aka buɗe MEDLINE, a 1997 kuma aka bar kowa ya bincika kyauta ta intanet a PubMed. An daina buga Index Medicus a takarda a 2004. Ɗalibin likita da ke bincike yau a Kano ko Yamai, cikin ƙiftawar ido yake samun abin da ya ci wa Billings wata shida.

Sai dai akwai abin lura. Fihirisa ba ta nuna kome sai abin da aka kai mata aka kuma zaɓa. Mujallun likitanci da yawa na Afirka ba su shiga manyan fihirisun duniya ba, watau binciken da aka yi a kan cututtukanmu, a cikin asibitocinmu, yakan ɓuya har ga maƙwabta. Don toshe wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da ƙungiyar ma'aikatan laburaren lafiya ta Afirka, suka fara African Index Medicus a 1993.

A nan nauyin ya dawo kanmu. Kundin da ɗalibi ya rubuta, da rahoton annoba da ma'aikata ta shirya, da rajistar asibitin gunduma, in aka tura su sito gara ta cinye, wanda zai zo baya dole ya sake aikin daga tushe, majiyyaci kuwa ba zai jira ba. Ku ɗalibai, ku ajiye aikinku inda za a same shi. Ku ma'aikata, musamman masu tsara kasafin kuɗi, kada laburare da ɗakin ajiyar takardu su zama farkon abin da za ku zaftare. Billings ya fara ne da 'yan littattafai da akawunan soja da katin rubutu, ya yi shekara 30 a kan aiki guda.