Fam na Zinariya: Daga Kasuwa Zuwa Akwati

A cikin 1817, zamanin Sarkin Ingila Joji na Uku, aka buga wani kuɗi na zinariya wanda darajarsa fam guda ce, watau sule ashirin. Turawa suna ce da shi sobarin. Nauyinsa bai cika miskali biyu ba, giram 8 ne ba kaɗan. In an kasa shi 12, kashi 11 zinariya ce zalla, ɗayan kuwa jan ƙarfe don ya yi ƙwari.

Da ya ke ba a taɓa rage nauyinsa ba, fatake suka amince da shi ko'ina. Har aka riƙa buga shi a Ostareliya da Kanada da Indiya da Afirka ta Kudu.

Ana nan sai yaƙi ya tashi a 1914. Gwamnatin Ingila ta bukaci zinariya don biyan kayan yaƙi, ta fitar da fam na takarda, ta roƙi jama'a su kawo na zinariya. Tun daga sa'an nan bai sake yawo a kasuwa ba. A 1931 kuma Ingila ta raba darajar fam da zinariya.

Amma Larabawa da Indiyawa ba su daina nemansa ba, har 'yan jabu suka shiga ƙera nasu. Saboda haka a 1957 aka koma buga shi, ba don cefane ba, sai don ajiya.

Masu sayensa yanzu iri biyu ne. Na fari zinariyar su ke so, gudun kada kuɗin takarda ya lalace a hannunsu. Na biyu kuwa masu tara tsofaffin kuɗi ne, ƙarancin abu su ke bi. Sarki Edwad na Takwas ya yi murabus a 1936 tun ba a fitar da kuɗinsa ba, 'yan na gwaji kaɗai suka rage. A 2020 aka sayar da ɗaya fam miliyan guda.

To, dubi wannan al'amari. Mutum biyu sun ɓoye fam guda guda a 1914, ɗaya takarda, ɗaya zinariya. Takardar an daɗe da daina karɓarta a kasuwa, zinariyar kuwa yau ɗaruruwan fam ce. Sai dai fa ba ta haihuwa a akwati, farashinta yana hawa yana sauka, in ta kai miskali 20 kuma ta shekara, zakka ta wajaba. Wanda zai saya ya auna, ya kai wa maƙeri ya gwada tukuna.