Danya, 'yar uwar mangwaro da muka baro gida

Jama'a, da yawanmu da muka sauka Abuja bayan gwamnati ta taso daga Legas a 1991, mangwaro da yazawa muka tarar a ƙauyukan Gwarawa. To, su ma baƙi ne kamar mu. Mangwaro asalinsa Indiya, yazawa kuwa Turawan Fotugal suka ɗauko ta daga Barazil. 'Yar gida a danginsu ita ce danya.

Duk wanda ya tashi a karkarar Katsina, Daura ko Maraɗi ya san nunu, 'ya'yanta. Kore shar yake faɗowa, sai ya kwana biyu a ƙasa sannan ya nuna. Mu tsotse, mu fasa ƙwallon da dutse, mu ci ƙwayar. Da iccenta masassaƙa ke yin turmi da akushi, tun zamanin kakanni.

A Afirka ta Kudu marula suke ce mata. Suna tatsar man ƙwayar su sayar har Turai. Giya ma suna yi da ita, Allah Ya kiyashe mu. Mu kuwa mun bar wa masu gawayi. Kwanan baya muka tambayi ɗalibanmu na Islamiyya mene ne nunu, aka yi tsit.

Mai zuwa gida bana ya taho mana da ƙwallon, mu gwada a harabar masallaci. A kawo da dama, don danya akwai mace akwai namiji, macen ce kaɗai ke 'ya'ya.