Tsadar motoci a Nijeriya: sabuwa ko 'yar Kwatano?

Akasarin motocin da ake shigowa da su Nijeriya na hannu ne, wato tokumbo ko 'yan Kwatano. A watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da su ta iyakokin tudu, kana faɗuwar darajar naira daga watan Yunin 2023 ta sa farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Sayen mota da rancen banki ma ya yi tsada, kasancewar a ƙarshen 2024 babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin 100. Saboda haka akasarin ciniki kuɗi hannu ake yi. Sabuwar mota na da garanti, amma darajarta na saurin zubewa. Ta hannu kuwa ta fi araha, sai dai yawan gyara.