Yadda ake auna walwalar ma'aikatan gwamnati a Birtaniya

Tun daga shekarar 2009, gwamnatin Birtaniya ke gudanar da binciken jin ra'ayin ma'aikatanta sau ɗaya a shekara, domin sanin ko suna jin daɗin aikinsu.

Ofishin majalisar ministocin ƙasar ne ke kula da binciken, kuma dubun dubatar ma'aikata ne ke amsa tambayoyin ba tare da an bayyana sunayensu ba.

Mafari

Damuwa kan lafiyar ma'aikatan gwamnati a ƙasar ta daɗe. A shekarar 1967 aka fara wani bincike da aka sa wa suna Whitehall, wato unguwar da manyan ma'aikatu suke a birnin Landan, wanda ya shafi ma'aikata maza kimanin 18,000.

Binciken ya gano cewa yawan mace-mace a tsakanin ƙananan ma'aikata, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, ya kai kusan ninki uku na manyan jami'ai.

Kashi na biyu, wanda Farfesa Michael Marmot ya jagoranta daga 1985, ya nuna cewa akwai alaƙa tsakanin ciwon zuciya da rashin ta-cewa a wurin aiki.

Abubuwan da ake tambaya

Akwai tambayoyi biyar da ake haɗa amsoshinsu a fitar da ma'aunin shaƙuwar ma'aikaci da ma'aikatarsa. Daga ciki akwai ko yana alfahari da wurin aikinsa, da ko zai ba wani shawarar ya nemi aiki a can.

Sauran tambayoyin sun shafi albashi, da yawan aiki, da horo, da halin shugabanni, da kuma cin zali ko nuna bambanci.

A 2012 aka ƙara tambayoyi huɗu da hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta tsara. Ana neman ma'aikaci ya ba da maki daga 0 zuwa 10 kan gamsuwarsa da rayuwa, da ko yana ganin abin da yake yi na da amfani, da kuma irin farin ciki ko fargabar da ya ji a ranar da ta gabata.

Sakamako

Ma'aunin shaƙuwa ya fara ne da kashi 58 cikin 100 a 2009, ya sauka zuwa kashi 56 a 2010 lokacin da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, sannan ya kai kashi 66 a 2020.

Albashi shi ne fannin da ya saba samun maki mafi ƙanƙanta. Makinsa ya ƙara faɗuwa a 2022, kuma a farkon 2023 ma'aikatan gwamnati da dama suka tafi yajin aiki.

Suka

Masu sukar tsarin na cewa tun da ba dole ba ne a amsa, ra'ayin waɗanda suka yi shiru ba ya fitowa. Wasu ma'aikatan kuma na tsoron a gane su, shi ya sa ba a fitar da sakamakon duk sashen da masu amsarsa ba su kai goma ba.

Ƙungiyoyin ƙwadago kuwa na ganin cewa alƙaluman ba su da wani amfani, matuƙar hukumomi ba su yi aiki da su ba.

Amurka ma ta fara irin wannan bincike a 2002, amma gwamnatin Shugaba Donald Trump ta soke na shekarar 2025.