Filin Idi da Ƙofar Fada: Waiwaye kan Tarihin Bikin Sallah a Ƙasar Tsafe da Gusau

Malaman lugga sun ce kalmar idi ta samo asali ne daga komowa, domin rana ce mai dawowa kowace shekara. Bahaushe kuwa bai sa wa ranar suna da komowarta ba, sai ya kira ta da ibadar da ke cikinta, ya ce Sallah. Daga nan aka sami kayan Sallah da goron Sallah da yawon Sallah, har watan Zulƙi'ida ya zama Bawan Salloli saboda faɗowarsa tsakanin Ƙarama da Babba. Wannan suna hujja ce a kan abin da magabata suka ɗauka shi ne asalin bikin.

Asalin sananne ne. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna da kwana biyu na wasanni, sai ya sanar da su an musanya musu da waɗanda suka fi alheri. A shekara ta 2 bayan Hijira aka shar'anta sallar idi da zakkar fid-da-kai. A mazhabar Malikiyya, wadda Risala da Muhtasar suka kafa a zaurukan karatunmu, sallar sunna ce mai ƙarfi, raka'a biyu ba kiran salla ba iƙama, a fili bayan gari. Fid-da-kai wajibi ne, mudun Annabi huɗu daga abincin da ya rinjaya a gari, wanda a nan gero ne ko dawa ko masara. Layya sunna ce, ba a yanka ta sai liman ya yanka tasa, kuma rago ne a gaba wajen falala. Wanda ya ga yadda Bahaushe ya ƙwallafa rai a kan ragon layya, alhali sa ya fi nama, to fiƙihun Malik yake gani ya zama ɗabi'a.

Babu doki ko tambari a cikin duk wannan. To ta ina hawa ya shigo? Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya zauna a Mali tsakanin 1352 da 1353, ya halarci idi biyu a fadar Mansa Sulaiman. Ya bayyana fitar sarki zuwa filin salla, sa'an nan zaman fada da kiɗa da mawaƙa masu tuna wa sarki ayyukan kakanninsa. A ƙasar Hausa, Tarihin Kano ya jingina fara sallar idi a Shadakoko ga Muhammadu Rumfa (1463–1499), sarkin da ya karɓi baƙuncin Shehu Magili. A ganina ƙofar da sarauta ta bi ita ce sunnar nan ta komawa gida ta wata hanya dabam da wadda aka zo. Idan mai komawar sarki ne, da hakimansa da dakarunsa a baya, to komawar ta zama zagayen gari, ƙarshenta kuma jahi a ƙofar fada, inda kowane hakimi ke nuna dawakinsa yana sabunta mubaya'a.

Ƙasar Tsafe ba baƙuwa ba ce ga wannan tarihi. Kusa da ita 'Yandoto take, tsohuwar cibiyar ilmi ta kudancin ƙasar Katsina, wadda labarin baka ke cewa daga cikinta Korau ya fito ya karɓi sarautar Katsina. Malamanta sun ƙi bin da'awar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, har Muhammadu Bello ya ci garin wajen 1806. Bayan wannan ne Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafu a Gusau, kuma sunayen sarautun yankin na riƙe da labarin har yau: Sarkin Katsinan Gusau, 'Yandoton Tsafe, Sarkin Fulanin Bunguɗu. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu da suka gwabza Malikawa ne, littattafai guda suka karanta, raka'o'in idinsu da kabbarorinsu ba su saɓa ba. Saɓaninsu a kan shugabanci ne da hukuncin al'adun da aka cuɗanya da addini. Shehu, Allah Ya jiƙansa, ya bi babukan ibada ɗaya bayan ɗaya a cikin Ihya'us Sunna yana rarrabe sunna da bidi'a. Duk da haka daular da ya kafa ba ta kashe hawa ba, ta gaje shi, domin daula mai yaƙi tana bukatar ranar da za ta ƙirga dawakinta. Turawa ma da suka ci Sakkwato a 1903 sun bar shi, sai dai sun mai da shi abin kallo da girmama baƙi.

Saboda haka hawa al'adar mulki ce da ta raɓi ibada, hukuncinta na bin abin da ke cikinta. Masu haramta shi ɗungurungum sun tsananta, masu ganin babu Sallah sai da shi kuma sun jahilci tarihinsa. An gwada wannan a zamaninmu: a 2019 masarautun Katsina da Daura sun dakatar da hawa saboda rashin tsaro, a 2020 annobar korona ta hana shi a Kano da wasu garuruwa, kuma ba wanda ya ce idin waɗannan shekaru bai inganta ba.

Abin da ya fi cancantar hankalin malaman Zamfara shi ne ɓangaren ciyarwa. Manomin da aka raba da gonarsa ya koma gudun hijira a Gusau ko cikin garin Tsafe, jiya shi ke fitar da mudu huɗu, yau shi ne mafi cancantar karɓa. Satar shanu ta rage dabbobi, kuma a Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako tare da hana safarar dabbobi na wani lokaci. Da rago ya yi tsada, sai mutane suka ƙara karkata ga watanda, su haɗa kuɗi su sayi sa. A nan akwai mas'alar da bai kamata a ɓoye ba. Malikiyya ba su yarda da tarayya cikin kuɗin layya ba, sun yarda ne kawai mutum ya shigar da iyalan da yake ciyarwa, masu zama tare da shi, cikin lada. Sauran mazhabobi uku sun halatta mutum bakwai a kan sa ɗaya, bisa hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito. Wajibi ne liman ya faɗa wa jama'arsa maganganun biyu kafin jajibere, ya kuma sanar da su cewa a wurin Malikiyya ba a neman layya daga wanda zai bukaci kuɗinta don lalurar shekararsa.